Yadda 'Yar Ƙanena Ta Koya Mana Rufe Baki

Tun tana shekara uku muka sa mata suna Don-Me, kuma har yau da take da digiri biyu da tabarau da wata mota mai tari kamar tsohon mashayin taba, ba mai kiranta da sunanta na gaskiya a gidanmu. 'Yar ƙanena ce. A ce ta sa takalmi, don me. A ce kada ta taɓa wuta, don me. Ranar da aka haifi ƙaninta aka ce ta zo ta gani. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta ce wa uwarta, "Don me ba ya magana?" Aka ce ai jariri ne. Ta ce, "To wa zai sa masa maganar a ciki?" Uwarta, da ko zama ba ta iya yi sosai, ta ce don Allah a fitar mata da wannan 'yar jaridar daga ɗaki. Shekara talatin ke nan, kuma in kun bi ta tawa, da wannan tambayar take cin abinci har yau.

Da ta shiga jami'a, ubanta ya riga ya gama shelanta wa abokansa cewa likita za ta zama. Uwarta kuwa malama take cewa. Ta dawo hutu na tsare ta a kicin, na ce ke, faɗa mini gaskiya, me kike karantawa?

"Gwaggo, yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma."

"Ai abinci ake ba shi ta girma. Wannan ne sai an kai ki jami'a? Da kin zo na gaya miki a tsaye."

Ta yi dariya, ta ce wata rana za ta nuna mini. Ta kuwa nuna mini. Bayan ta gama ta kama aiki a wani ɗakin bincike, ta ɗauke ni ta kai ni. Na tarar da wata mata zaune da jariri a cinya, an kifa masa wata hula mai wayoyi birjik, kamar an fara masa kitso mai kitson ta gudu. Wayoyin sun tafi cikin kwamfuta, a fuskar kwamfutar wasu layuka suna ta rawa. Don-Me ta durƙusa gaban yaron. Ya ce "gaa", ta ce "gaa? haka ne?" Ya ƙyalƙyale, ya sake. Ta ce in dubi layukan. Wallahi na ga sun canja rawa. Na dafe ƙirji na ce, to yanzu har tunanin mutum kuke leƙawa? Ta ce ba tunani suke gani ba, motsin aiki ne kawai. Na ce ko ma mene ne, kada ki kuskura ki kawo hular nan kusa da kaina, akwai abubuwan da na sani game da danginku.

Shekara huɗu ta yi a wurin, sai ta ajiye aikin. Ubanta ya kusa kwanciya. Na tambaye ta, da nawa salon, "Don me?" Ta ce, "Abin da muka gano yana cikin takarda, takardar tana cikin kabad, yaran kuwa suna hannunku." Ta koma wata ƙungiya da ke tura ta gidajen renon yara da ƙananan makarantu da asibitocin awon jarirai, tana koya wa masu riƙe da yara abin da masu bincike suka gano. Yanzu gidaje arba'in da wani abu take zagayawa. Jakarta kullum abu huɗu ne: littafin rubutu, 'yar kamara, takalmi maras tsini, da wani ɗan ƙarfe kamar agogon aljihu da ake dannawa da babban yatsa, ya ce ƙas, lamba ta ƙaru. Duk kayanta masu kyau sun koɗe a gwiwa, don aikin nata a ƙasa ake yin sa.

To, ni ma mai riƙe da yara ce. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin renon da ke bayan wata masana'antar ɗinki, inda mata ke ajiye 'ya'yansu kafin ƙararrawar safe, su karɓa bayan ta yamma. Ɗaki ne dogo mai taga uku. Gadajen jarirai takwas a jere jikin bango, shimfiɗar roba a tsakiya don masu rarrafe da masu tatata, teburi guda gajere, kabad na kofuna, kowane kofi da alamar mai shi. Ta bangon gabas kana jin kekunan ɗinki suna ruri daga safe har yamma. Mu biyu ne a ciki, ni da wata da muke kira Doguwa, wadda ke ɗauko kaya daga saman kabad ba tare da kujera ba. Yara goma sha tara.

Abin alfaharina a shekarun nan duka shi ne shiru. Ɗakina ba a kuka. Yaro a ƙoshe, a wanke, a shafe, a kwance. Manaja in ya kawo baƙi, ɗakina yake fara kawo su, ya ce ku saurara, kamar ba kowa. Ni kuwa in gyara ɗaurin ɗankwali.

Sai ga shi ƙungiyar su Don-Me ta yi yarjejeniya da masana'antar, aka turo ta. Ɗakina. Yarinyar da na wanke wa kashi ta shigo da takarda mai hatimi, za ta duba aikina.

Ta ce, "Gwaggo, ku yi kamar ba na nan."

"Ai tun da aka haife ki ba a taɓa iya yin haka ba."

Ta cire takalmi, ta zauna a lungu, ƙarfen nan a hannu. Kwana uku tana zaune. Ina jiran in ji ƙas-ƙas kamar ana fasa gyaɗa, amma sai a daɗe kafin in ji guda. Ran na uku da aka tashi, ta tara mu a teburin yara, gwiwoyin Doguwa har kunnenta.

Ta ce, "Abin da nake ƙirgawa shi ne, yaro ya yi wani sauti ko ya nuna wani abu, babba ya amsa masa, yaron ya sake mayarwa. Ba-ni-in-ba-ka. Wancan mai rigar ja, cikin awa guda sau huɗu aka yi masa magana."

Na ce, "To ai da kyau."

"Uku daga ciki 'bari' ne."

"Na huɗun fa?"

"'Na ce bari.'"

Doguwa ta fashe da dariya, na harare ta har ta koma tari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Don-Me yaran da na rena a ɗakin nan wasu sun zama injiniyoyi. Ba ta musa ba. Ta ce ba wanda ya kai ni tsabta da kula, ta zagaya gidaje da yawa, ta sani. Sannan ta ɗauko ƙwallon roba ta mirgino mini a kan teburi. Na mayar mata. Ta sake mirginowa. Ta ce a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ta ƙulla hanyoyi ne da saurin da ba za ta ƙara yin irinsa ba, kuma hanyar da aka yawaita bi ita ke ƙarfi, wadda aka bari ta shafe. Duk sanda jariri ya ce "gaa", ƙwallo ya mirgino. In aka mayar masa, ya sake. In kullum ƙwallon faɗuwa yake ƙasa ba mai ɗauka, wata rana zai daina jefowa. Sai ta riƙe ƙwallon, ba ta mayar mini ba. Na zauna hannu a buɗe kamar wawiya.

Ta ce, "Shirun ɗakin nan, wani na ƙoshi ne. Wani kuma wannan ne."

Ban ce mata ta yi gaskiya ba, don ba a saba wa yaro da irin wannan. Amma washegari na iso kafin kowa.

Jama'a, ashe abin da nake jira ke nan duk rayuwata. A ce wa mace irina aikinta ya koma surutu, kuma likitocin ƙwaƙwalwa ne suka ce! Ina canja wa jariri ƙyalle ina ba shi labarin abin da ya aikata. "Kai, malam, wannan aika-aikar duk kai kaɗai? Me muka yi maka?" Ya harba ƙafa ya ce "abuu", in ce "Au, musu za ka yi? Ga shaida a hannuna." Doguwa, da na ɗauka ba ta da murya sai ta gaisuwa, ashe waƙa ce cike da cikinta. Cikin mako uku ɗakin ya zama kasuwa. Mai rigar ja ya fara jan zanena yana nuna taga, sai na ce tsuntsu ne, ya ce "tutu", na ce a'a, wannan kuma naka ne. Wata 'yar wata tara da na ɗauka miskila ce ta koyi tafi, ta hana kowa sakat. Manaja ya leƙo da baƙi, ya ji hayaniya, ya ja ƙofa a hankali ya wuce da su ɗakin yankan yadi. Ƙarfen Don-Me kuwa ƙas-ƙas-ƙas har yatsanta ya yi kanta. Tana fita da yamma tana tsalle kamar ba mai digiri biyu ba.

Yara goma sha takwas suka buɗe. Saura ɗaya.

Muna kiranta 'Yar Ido, don idanunta sun kusa cinye fuskar, kuma da su take komai. Shekararta biyu da wata biyar, ba ta taɓa furta kalma ko ɗaya ba. Ba mama, ba baba. In tana son abu sai ta tsaya kusa da shi ta zuba maka ido. A da ita ce abar misalina, yarinya mai hankali, ba ta da fitina. Uwarta tana layin masu sa maɓalli, shekara bakwai tana kan keke ɗaya, kuma an fara maganar za a ba ta shugabancin layin. Uban direban babbar mota ne, yana kwana biyar a hanya, biyu a gida.

Don-Me tun makon farko ta sa aka kai yarinyar awon kunne. Kunne lafiya lau. Ta kuma rubuta takarda zuwa wurin masu duba maganar yara, aka ba su rana, amma sai bayan wata uku.

Wata safiya uwar ta miƙo mini yarinyar a bakin ƙofa, ta ƙi tafiya. Na ce ke, ƙararrawa ta kusa. Sai hawaye.

"Gwaggo, babanta ya ce ɗakin nan ne ya mayar da ita haka. Wai an ajiye ta kamar kaya tun tana wata huɗu. Ya ce ƙarshen wata, ranar da ya dawo daga tafiya, shi da kansa zai zo ya ɗauke ta. In ajiye aiki in zauna da ita a gida."

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce? Har cikin raina ina tsoron ko gaskiya ya faɗa."

Ni ma tsoron da ya kama ni ke nan, amma ban gaya mata ba. Don-Me ta zo ta riƙe hannunta, ta ce ba za ta yi mata alkawarin ranar da yarinya za ta yi magana ba, ba wanda ya isa ya yi. Amma za mu yi iya yinmu. Kwana ashirin da huɗu suka rage.

Muka yi iya yinmu, har muka wuce. Ni da Doguwa muka sa 'Yar Ido a tsakiya kamar mun samu baƙuwa daga wata ƙasa. "'Yar Ido, ga kofi! Ce kofi! Kofin wa? Kofinki! Ja ne ko? Ja ne! Ruwa kike so? Ga ruwa!" Doguwa ta ɗauka da waƙa daga inda na tsaya shan iska. Hatta mai shara in ta shigo sai ta sunkuya ta zuba nata. Uwar ma lokacin hutun rana sai ta rugo ta ɗora. Duk ɗakin ba yaron da ya sha magana kamar yarinyar nan. Don-Me a lokacin tana zuwa sau biyu a mako ne, sauran ranakun ta bar wa Doguwa ƙarfen, kuma lambobin da Doguwa ke rubutawa a gaban sunan 'Yar Ido sun fi na kowa nesa ba kusa ba. Muna ta murna.

Yarinyar kuwa ta koma ƙarƙashin teburi. Da ta hango ni tafe da fara'ata sai ta ja jiki ta shige, ta juya mana ƙeya.

Saura kwana biyar, Don-Me ta zauna da littafin a cinya, ta cire tabarau ta mayar, ta sake cirewa. Ta ce, "Doguwa, yaushe kike dannawa?"

"Duk sanda aka yi mata magana mana."

"Ko ba ta mayar ba?"

"Ai ba ta mayarwa. In na jira ta mayar, ba zan danna ko sau ɗaya ba."

Don-Me ta dafe kai. Ta ce laifinta ne, ita ta ba da ƙarfe ba ta tsaya ta ga yadda ake danna shi ba, ta ga lambobi sun yi kyau ta yi ta jin daɗi mako uku. Na ce a rubuta ranar nan, mai digiri biyu ta ce laifinta ne. Ba ta ko yi murmushi ba. Ta je layin maɓalli ta nemi izinin uwar, ta dawo ta kafa 'yar kamararta a kan kabad, ta ɗauki minti ashirin. Da yara suka yi barcin rana ta ɗauko kwamfuta daga motarta ta buɗe a kan teburi, ta ce mu matso.

Ga ni nan a ciki, na cika hoton. Ban san haka bayana yake ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini. Ina riƙe da ayaba ina cewa, "Me kike so?" Don-Me ta rage gudun hoton, komai ya koma a hankali kamar cikin ruwa. Ta sa yatsa a fuskar yarinyar.

"Ku dubi nan."

'Yar Ido ta dubi ayabar. Ta dube ni. Ƙirjinta ya ɗaga, ta ja numfashi. Leɓɓanta suka rabu. Sai ga muryata, a ja a ja kamar ta saniya, "Ayaba kike so? Ga ayaba!" Bakin yarinyar ya rufe.

Ta wuce gaba. Kofi. Numfashi, leɓe ya buɗe, muryata. Ƙwallo. Numfashi, leɓe, waƙar Doguwa. Sau goma sha ɗaya cikin minti ashirin yarinyar nan ta ɗauko magana tun daga ciki, ta kawo ta har bakin ƙofa, muka rufe ƙofar. Tara daga ciki ni ce.

Doguwa ta ce, "Ni biyu ne kawai."

Na ce, "A kawo miki lambar yabo."

Don-Me kuwa ta miƙe tsaye, idonta na ƙyalli, tana zagaya teburi. "Gwaggo, ba ki gani ba? Tana ƙoƙari! Sau goma sha ɗaya! Wasu yaran kafin su haɗa abin da suka ji da abin da za su faɗa da yadda baki zai motsa, suna buƙatar lokaci fiye da wasu. Mu kuma ba ma iya jure shiru. Daga yau, ki yi tambaya ɗaya, gajera, ki dube ta, ki rufe baki, ki ƙirga zuwa goma a zuci. A hankali."

"Goma?"

"Goma."

"Ke, ko a ɗakin haihuwa ban yi shirun goma ba."

Na sha wahala a duniya. Na yi jinyar miji, na yi ciwon haƙori, na taɓa tafiyar yini guda a mota kusa da mai sayar da maganin gargajiya. Ba abin da ya kai ƙirgen nan. Na zauna a ƙasa gaban teburi, na ajiye kofi, na ce, "Me wannan?" Ɗaya. Biyu. A uku harshena ya fara ƙaiƙayi. A huɗu maganar ta taho da kanta, sai na ji tafin Doguwa a kan bakina, tafin da ya rufe har hancina. Ranar farko abin da muka samu shi ne yarinyar ta fito daga ƙarƙashin teburi, ta tsaya tana kallona da mamaki, kamar an kashe injin da ya shekara yana ƙara. Rana ta biyu ta nuna kofin da yatsa, ta dube ni, ta sake nunawa. Don-Me, da ta soke duk sauran zagayenta na makon, ta danna ƙas daga lungu, ta ce wannan ma mayarwa ce. Rana ta uku, a kan ƙirge na takwas, wani ɗan sauti ya fito, "mm", ƙarami kamar na sauro. Doguwa ta fita waje da gudu ta yi ihunta a can ta dawo. Rana ta huɗu ba mu samu komai ba, yarinyar mura take yi. Uwar da ta zo ɗaukarta ba ta ko tambaye mu ba.

Ranar ƙarshe, ana tsakiyar hutun rana, muka ji babbar mota ta tsaya a bakin titi, ta saki iska. Uban 'Yar Ido ya shigo, ƙato ne, idanunsa ja saboda hanya, makullai a hannu, tari guda a zobe ɗaya, har da wata 'yar fitila da ƙaramin kwalin roba. Uwar na biye da shi, zare a jikin rigarta, ta riga ta ɗauko jakarta daga layi.

Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Inna, na gode da ɗawainiya. A haɗa mini kayanta."

Don-Me ta ce, "Malam, kafin a haɗa, ina roƙon minti biyar. Ka zauna a ƙasa."

"A ƙasa?"

"Nan ne ofishinmu."

Ya dube ta, ya dube ni. Na ce, "Ɗana, zauna. Ni da na haifi kamarka ma a nan nake yini." Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. 'Yar Ido ta taho ta tsaya a gabansa. Ba shi take kallo ba, makullan take kallo. Don-Me ta yi masa bayani a taƙaice: tambaya ɗaya, sannan shiru, a ƙirga goma.

Ya ɗaga makullan, suka yi ƙara. Ya ce, "Me kike so?"

Na fara ƙirge. Ɗaya. Biyu. A uku na ga kafaɗarsa ta motsa, hannunsa ya fara miƙa mata, bakinsa ya buɗe zai ce ungo. Na san wannan ciwon, nawa ne. Na damƙe hannun rigarsa, na zare masa idon da nake zare wa manaja. Ya haɗiye.

Huɗu. Biyar. Kekunan ɗinki sun tsaya don hutu, ɗakin ya yi tsit, har mai rigar ja ya bar abin da yake yi. Shida. Ƙirjin yarinyar ya ɗaga. Bakwai. Uwar ta cusa gefen mayafinta a baki. Takwas. Leɓɓan suka rabu. Tara.

"Ba ni."

Murya ce 'yar ƙarama, a shaƙe da mura, amma ba wanda bai ji ba. Makullan suka faɗi daga hannunsa, ta sunkuya ta ɗauke abinta. Doguwa ta rangaɗa ihun da ya ta da jarirai takwas gaba ɗaya. Uwar ta zube a ƙasa tana dariya tana kuka. Ni kuwa duk maganar da na tara ta kwana biyar ta ɓalle, ban san me na faɗa ba, an ce har mai shara na rungume. Don-Me ta manta da ƙarfen a hannunta, tana ta tsalle, tabarau a karkace.

Shi dai yana durƙushe. Ya ce, "Ta ce ba ni." Ya juya wurin matarsa. "Kin ji? Ni ta ce wa."

Don-Me ta gyara tabarau, ta koma ma'aikaciya. Ta gaya masa kalma biyu ba warkewa ba ce, ranar da masu duba magana suka bayar tana nan, dole a je, kuma aikin na gida da na nan ne tare. Ta ce yarinyar tana buƙatar wanda zai jira ta, a ko'ina take. Ya murza gemu. Ƙararrawar komawa aiki ta kaɗa. Uwar ta dube shi, jaka a hannu.

Ya ce, "Ba ƙararrawarku ba ce wannan? Je ki mana, kada a ce kin makara." Ta kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Mu ga zuwa ranar asibitin."

Ta ajiye jakar a kan kabad ɗina ta fita da gudu, har takalminta ɗaya ya so ya cire.

Ya miƙe zai tafi, don an bar masa kaya a mota da za a sauke kafin yamma. Sai ya tuna. 'Yar Ido ta shige ƙarƙashin teburi da makullai, tana kunna 'yar fitilar tana kashewa. Ya sunkuya zai zaro, na ce a'a, ɗana, a nan ba a ƙwace, tambaya ake yi. Ƙaton nan ya kwanta rub da ciki a kan shimfiɗar roba, kansa a ƙarƙashin teburi, ƙafafunsa har bakin ƙofa, ya ce, "Za ki ba Baba?" Ina ganin leɓensa yana motsi, ɗaya, biyu, uku. A waje wani ya fara danna masa oda, don motar ta tare hanya.